Kayan bita da shirin darasi: mu buɗe musu shafi, ko su ci gaba da zama a WhatsApp?

Malam Habu: Assalamu alaikum malamai. Akwai maganar da nake so mu zauna a kanta sosai. Zauren nan namu na WhatsApp cike yake da kayan aiki: shirin darasi, bidiyon koyar da sautukan haruffa, takardun bita, tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango. To amma wa zai iya zaƙulo abin da aka turo wata huɗu baya? Wanda ya shigo jiya ba ya ganin na bara. Wanda wayarsa ta lalace ya rasa komai. In fayil ya daɗe, ka danna a ce maka babu shi, sai ka nemi wanda ya turo ya sake turowa, shi ma ya goge tuni don wayarsa ta cika.

Shawarata ita ce mu buɗe shafi guda ɗaya a intanet, ƙarami, ba mai ado ba. Google Sites kyauta ne, kayan kuma su zauna a Google Drive, wanda ke ba kowane asusu gigabait 15 ba tare da biyan ko sisi ba. A jera komai yadda muke koyarwa: aji, sannan darasi, sannan zango, sannan mako. Malamar aji biyu ta shiga, ta danna Hausa, zango na ɗaya, mako na huɗu, ta tarar da abin da za ta koyar ranar Litinin. Zaure ya tsaya a matsayin wurin hira da sanarwa. Me kuka gani?

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Wallahi Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni hotunan takardun bita ma sun cakuɗe da na biki da na suna a wayata. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari.

Baba Hedimasta: Habu ɗana, niyyarka mai kyau ce, amma bari in tambaye ka. A makarantata malamai nawa ne ke da babbar waya? Waɗanda ke da ita, nawa ne ke da data bayan goma ga wata? Tun farkon 2025 da aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, malamin firamare lissafi yake yi kafin ya buɗe bidiyo. WhatsApp ɗin da kake rainawa, shi ne ke aiki ko da sabis sanda ɗaya ne. Shafin intanet kuwa sai ya yi ta juyawa har caji ya ƙare.

Malam Habu: Allah ya ƙara girma Baba, ban raina WhatsApp ba. Cewa na yi ba wurin ajiya ba ne. Maganar data kuma gaskiyarka ce, shi ya sa nake so shafin ya zama rubutu zalla, babu hotunan ƙawa, kuma a rubuta nauyin kowane fayil a gefensa, mutum ya san abin da zai kashe kafin ya danna. Shirin darasi na shafi biyu bai kai nauyin hoton biki ɗaya ba. Bidiyo ne mai cin data, shi kuma mutum ɗaya ya sauke a makaranta, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth.

Malam Nura: Ni tambayata daban ce. Me ya sa za mu wahalar da kanmu alhali an riga an yi? Akwai shafin darussa na Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a watan Maris na 2022, da darussa cikin Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo. Akwai TESSA na jami'ar Open University ta Ingila, tun 2005 suke tara kayan horar da malamai na Afirka, cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna ma tana cikin waɗanda suka yi aikin da su. Mu da ko kwamfuta ba kowa ke da ita ba, za mu fi waɗannan ne?

Malama Hadiza: Malam Nura, ba gasa za mu yi da su ba ai. Ka taɓa ƙoƙarin neman abu guda a TESSA da daren Lahadi, yara na kuka, caji saura kaɗan? Kayan suna da kyau ƙwarai, ni na amfana da sashensu na yadda ake tafiyar da aji mai yawan yara, amma da Turanci suke, masu tsawo ne, kuma ba a jera su bisa sikim ɗinmu, wato tsarin darussanmu na mako-mako, ba. Abin da shafinmu zai yi shi ne nuni: a ƙarƙashin aji uku, lissafi, mako na shida, a sa linkin wancan sashe ɗaya tak da ya dace, a rubuta layi biyu da Hausa cewa ka karanta daga nan zuwa nan, ga abin da za ka ɗauka. Wannan aikin babu wata ƙungiyar waje da za ta yi mana shi, don ba su san makon da muke ciki ba.

Malam Nura: To in dai nuni ne, na fahimta. Na ɗauka sabbin kaya za mu zauna rubutawa tun daga farko.

Malam Ɗanjuma: Ku ba ni dama in yi magana mai ɗan tsawo, don wannan abin ya shafe ni. Na koyar a Bauchi lokacin shirin Mu Karanta, wanda USAID, hukumar tallafi ta Amurka, ta ɗauki nauyi a jihohin Bauchi da Sakkwato, na koyar da karatun Hausa a aji ɗaya zuwa uku. Akwai littafin ɗalibi, akwai jagoran malami, darasi bi da bi. Duk wanda ya riƙe jagoran nan ya san an zuba ilimi a ciki. Haka shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN, da aka fara a 2008 a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa, sun fitar da shirye-shiryen darasi na karatu da lissafi. Haka shirin horar da malamai na TDP da ya zo a 2013 a Jigawa da Katsina da Zamfara, har da bidiyon koyarwa a cikin waya.

Yanzu ina kayan? Shiri yana ƙarewa, ma'aikatansa su watse, littattafan da ke makarantu gara ta cinye ko ruwan damina ya jiƙa su a sito. A farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta rushe USAID, shafinsu ya rufe, har da rumbun da suke ajiye rahotanni da kayan shirye-shiryensu. Wanda bai sauke ba kafin ranar, sai dai ya bi mutane yana roƙo.

Saboda haka ina tare da Malam Habu, amma ban yarda da Malama Hadiza gaba ɗaya ba. Linki kaɗai bai isa ba. Duk abin da lasisinsa ya halatta a kwafa, mu sauke shi mu ajiye namu. Kuma kada mu dogara da Google shi kaɗai. A samu kwafi a memori ko filas a hannun mutum biyu ko uku a garuruwa daban-daban.

Malama Hadiza: Na karɓi gyara, Yaya Ɗanjuma. A yi duka biyun, linki da kwafi.

Hajiya Binta: Wannan kalma ta lasisi da Malam Ɗanjuma ya ambata, kada a wuce ta da sauri. Ba duk PDF da ke yawo a zaure ne halal a ɗora ba. Littafin da kamfanin ɗab'i ya buga yana sayarwa, wani ya ɗauki hotonsa shafi-shafi ya turo, in muka ɗora shi a shafin da ke ɗauke da sunanmu, haƙƙin mutane muka ci, marubucin ma wataƙila malami ne irinmu. Amma TESSA, da labaran African Storybook, da na StoryWeaver, da na Global Digital Library, akasari lasisin Creative Commons gare su, wato an yarda ka kwafa ka raba muddin ka ambaci masu shi. Ukun nan na ƙarshe duk suna da labaran yara da Hausa. A duba ƙasan kowane littafi, ana rubuta sharaɗinsa.

Sai abu na biyu. Kada wanda ya ɗora hoton fuskar yaran mutane, ko takardar sakamako mai sunayensu. In za a ɗauki bidiyon darasi, a saita waya kan allo da hannun malami.

Malam Sabo: Ni fa duk ba wannan ne tsorona ba. Tsorona lalaci. Yanzu ma akwai masu karɓar littafin shirin darasi na abokin aiki su kwafe kalma da kalma, har kwanan watan bara. In muka jera musu komai mako-mako, mun gama kashe tunani. Malami zai shigo aji da darasin da bai taɓa juya shi a ransa ba, yaro ya yi tambaya ɗaya a wajen takarda, shi ke nan an tsaya.

Malama Rabi: Malam Sabo, wanda zai kwafa ai yana kwafa tun kafin a haifi intanet. Gara ya kwafi mai kyau da ya kwafi mai kuskure.

Malam Sabo: Wannan amsar ba ta gamsar da ni ba, Malama. In burinmu kawai a kwafi mai kyau ne, to mu daina kiran abin horar da malamai, mu kira shi rabon takarda.

Malam Habu: Malam Sabo ya kawo magana mafi nauyi a muhawarar nan, kuma ina so mu tsaya a kanta. Shafi shi kaɗai ba ya koya wa kowa koyarwa. Abin da na gani yana canza malami shi ne zama da 'yan uwansa a kan darasi ɗaya takamaimai. Bari in ba da misali da abin da muka yi a taron gungun makarantunmu. Wata malama ta kawo bidiyo gajere, ita ce ke koyar da ɗebewa mai aro: 42 a ɗebe 17. Ta ɗaure karare goma-goma da kyauro, ɗauri huɗu da sandar kara biyu a gefe. Ta ce wa yaro ya cire bakwai daga biyu. Yaron ya tsaya yana kallon hannunsa. Ba ta ba shi amsa ba, ta yi shiru. Can sai ya miƙa hannu ya kwance ɗauri ɗaya, kararen suka zube, ya haɗa da biyun suka zama sha biyu, ya cire bakwai. Muka tsayar da bidiyon a daidai nan. Muka yi ta muhawara a kan shirun nan nata: da ni ne da na faɗa masa, da wane ne da ya tsawata. Washegari kowa ya je ya gwada a ajinsa, a zama na gaba aka dawo da labari, wani ya ce kara ya yi masa wuyar samu ya yi da marafan kwalba a leda.

Wannan shi ne bitar gaskiya. Aikin shafin shi ne ya riƙe bidiyon, da tambayoyi uku da za a tattauna, da abin da malamai suka dawo da shi, don gungun da ke wata ƙaramar hukuma su ma su yi irin zaman ba sai an jira an kira su otal ba. Saboda haka a ƙarƙashin kowane darasi ina so a bar wuri mai suna "Na gwada, ga abin da ya faru".

Malam Sabo: In har wannan wurin zai rayu, na janye rabin ƙorafina. Rabin da ya rage sai na ga mutane na rubutu a ciki.

Mushe Isufu: Salamu alaikum ƴan uwa, daga Maraɗi nake bin ku. Irin zaman da Malam Habu ya kwatanta muna da shi a nan, CAPED muke ce masa, malaman lekol na yanki guda su haɗu su tattauna aikin aji. Matsalarmu ɗaya da taku, abin da aka tattauna yana ƙarewa a cikin kayen mutum ɗaya, wato littafin rubutunsa. Tsarin karatunmu ba iri ɗaya ba ne da naku, don haka jerin makonninku ba zai yi mana aiki ba, amma labaran Hausa na yara da dabarun koyar da karatu za su yi. Roƙona ku ware musu wuri nasu daban, kada ku binne su cikin makonni.

Malam Habu: Maraba da Mushe. An karɓa. Labarai da waƙoƙin yara za su samu ɗakinsu, a jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Malam Iliya: Akwai abin da kowa ke tunani ba wanda ya furta, bari ni in faɗa. A 2017 a jihar Kaduna an yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su. Tun daga lokacin malami ke tsoron duk abin da zai fito da rauninsa a fili. Yanzu ku ce in ɗora shirin darasina da sunana, duniya ta gani, in akwai kuskuren Turanci wani ya ɗauki hotonsa ya yaɗa? Ko in rubuta "na gwada bai yiwu ba", gobe wani babba ya karanta? Mutane ba za su yi ba. Za su sauke na wasu su yi shiru.

Hajiya Binta: Wannan tsoro na gaske ne, kada a raina shi. Mafita a ganina a raba shafin gida biyu. Na waje, kowa ya gani: kayan da aka tace aka gyara, da sunan zaure ba sunan mutum ba, sai in shi ya so. Na ciki kuwa, inda ake kawo ɗanyen aiki da "na gwada", sai wanda aka ba izini da imel ɗinsa. Drive yana ba da damar haka. Kuma kafin abu ya fita waje, mutum biyu masu koyar da wannan darasin su duba shi, gyaran kuma a yi shi tsakaninsu da mai aikin, ba a tsakiyar zaure ba.

Malam Iliya: Hajiya, ko na cikin ma ai ana iya ɗaukar hoton allo.

Hajiya Binta: Ana iyawa, ƙanena. Wannan sai amana. Wanda ya ci ta a cire shi, kuma a faɗa tun yanzu.

Malama Zulai: Don Allah tambaya daga sabuwar shiga. In na bi kayan shafin, za a ba ni satifiket? Ina shirin rubuta jarrabawar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista.

Malam Nura: A'a ƙanwata, kada a yi miki alƙawarin da ba za a cika ba. Rajista da lasisin koyarwa na TRCN ne kaɗai, hukumar da aka kafa da doka a 1993, jarrabawarta kuma a kwamfuta ake yi. Abin da shafin zai iya yi miki shi ne ya nuna miki adireshinsu na gaskiya don kada 'yan damfara su karɓe miki kuɗi, ya kuma tara tambayoyin gwaji. In ba ki saba da linzamin kwamfuta ba, ki je shagon kwamfuta ki yi ta gwadawa kafin ranar, da yawa ba ilimi ke kayar da su ba, hannu ne.

Baba Hedimasta: Na karanta duka, na kuma ji daɗin yadda kuke magana. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min abin da ya fi damuna. Wa zai riƙe shi? Na ga abubuwa da yawa da aka fara da zafi. Habu yau yana nan, gobe a yi masa canjin wurin aiki ko ƙarin girma, kalmar sirri ta tafi da shi. Rumbun da ba mai shiga yana duba shi, ɓera ne ke gadonsa. Sannan manhajar karatu ba a tsaye take ba. NERDC, hukumar da ke tsara ta, na sabunta ta, darussa na haɗewa, wasu na dawowa kamar yadda tarihi ya dawo. In shafin ya cika da kayan tsohuwar manhaja ba wanda ya cire, ɓatar da sabon malami zai yi, gara babu shi.

Malam Habu: Ranka ya daɗe, ga abin da nake gani, ku gyara min. Asusun ba zai zama da sunana ba, za a buɗe shi da sunan zaure, mutum uku su riƙe kalmar sirri, lambar da za a dawo da asusu da ita kuma ta zama ta wanda ya fi daɗewa a wuri ɗaya. Kowane darasi da mai kula da shi. A makon farko na kowane hutu, mai kula ya bi nasa, ya danna kowane linki ya ga yana buɗewa, ya kwashe abin da ya tsufa zuwa folda ta daban, ba gogewa ba. Kowane fayil a rubuta masa shekara da manhajar da ya bi.

Sunan fayil ma sai mun daidaita. Ba "sabo na gaskiya 2" ba. A rubuta kamar haka: Aji2 Hausa Zango1 Mako4 2025. Kuma a sunan fayil kaɗai, a bar haruffa masu lanƙwasa, don wanda allon wayarsa ba shi da ƙ ko ɗ ya iya nemowa. A cikin darasin kuwa dole a rubuta su daidai, yara ne za su gani.

Malam Ɗanjuma: Ƙari ɗaya saboda makarantun da sabis ba ya kaiwa. Akwai wani tsarin ajiye darussa mai suna Kolibri, na ƙungiyar Learning Equality, ana sa shi a kwamfutar tafi-da-gidanka guda, wayoyin da ke kusa su shiga ba tare da intanet ba. Amma wannan sai gaba. Yanzu memori ɗaya a aljihun jami'in da ke zagaya makarantu ya wadatar.

Baba Hedimasta: Ni kuma nawa malaman da ba su da babbar waya, takarda za ta kai musu. In an ɗora na mako, zan sa a buga min kwafi ɗaya a ajiye a ofis, mai so ya karanta a nan. Sai dai ku sani, littafin shirin darasi da hannu za su ci gaba da rubuta shi, don shi masu duba makarantu ke tambaya, ni ma shi nake sa wa hannu.

Malam Sabo: Wannan ya yi min daidai, Baba. Ya karanta na shafi, ya rufe, ya rubuta nasa da yawan yaransa da kayan da ke ajinsa.

Malama Hadiza: To kada mu ɗebo da yawa. Mu fara da aji ɗaya zuwa uku, Hausa da lissafi, zango mai zuwa kaɗai. Na ɗauki lissafin aji uku.

Malama Rabi: Hausa aji ɗaya da biyu nawa ne. Yaya Ɗanjuma, jagoran Mu Karanta da ke hannunka, a duba min sharaɗin da aka rubuta a bangonsa kafin in ɗora.

Malam Ɗanjuma: Zan duba yau da daddare in turo miki hoton bangon.

Malam Iliya: Ni ba zan ɗora komai ba tukuna, sai na ga yadda aka yi da na farko da ya kawo aiki mai kuskure. Amma ku sa ni cikin masu duba lissafi.

Malam Habu: An sa ka, kai da Malam Sabo. Saura lissafin aji ɗaya da biyu, da Hausa aji uku, da mutum na uku da zai riƙe kalmar sirri tare da ni da Hajiya Binta. Baba, lambarka muke so a sa ta dawo da asusu, in ka amince.

Baba Hedimasta: Na amince, amma shekara biyu ta rage min in yi ritaya. Ku sa ta yanzu, ku kuma fara neman wanda zai karɓa tun zango mai zuwa.